"Malam, tarawa za mu yi ko ɗebewa?": yadda ake koya wa ɗan firamare warware matsala

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo a ajin firamare ya san wannan tambayar. Ka rubuta lissafi mai labari, kafin ka ajiye alli wani ya ɗaga hannu: "Malam, tarawa za mu yi ko ɗebewa?" Ka ce tarawa, cikin minti ɗaya aji ya gama, kuma yawancin amsoshin daidai ne. Sai dai fa ainihin aikin kai ka yi musu shi. Gano abin da ya kamata a yi da lambobin shi ne warware matsalar, abin da ya rage bayan wannan ƙirge ne kawai.

Abin ba na yaranmu kaɗai ba ne. Wajen 1980 wasu masu binciken koyar da lissafi a Grenoble ta ƙasar Faransa sun yi wa yaran firamare wannan tambaya: a cikin wani jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Mafi yawansu suka sarrafa lambobin suka ba da amsa, da yawa suka ce 36. Yaran nan ba dolaye ba ne. Sun dai koyi dokar da makaranta ke koyarwa ba tare da ta faɗa ba: kowace tambaya tana da amsa, dole a yi amfani da duk lambobin da ke cikinta, kuma hanyar ita ce wadda malam ya koyar yau da safe. A gwada irinta a aji uku ko huɗu, a ce makiyayi yana da shanu 20 da tumaki 15, shekarunsa nawa, sannan a ƙirga masu cewa 35.

Atisaye iri biyu ne, kuma mu mun fi sabawa da ɗaya. Akwai na maimaici, inda malam zai nuna yadda ake rabawa ya ba da guda ashirin irinta. Wannan yana da amfaninsa, kada a raina shi, don yaron da bai riƙe jadawalin sau ba, hankalinsa kan 7 sau 8 zai ƙare, ba zai samu sararin duba matsalar kanta ba. Akwai kuma atisayen da ba a nuna wa yaro hanya ba, aka bar shi da tambaya da kayan aiki da lokaci. Ma'aunin bambance su ba wuya: in yaro ya san abin da zai yi tun bai gama karanta tambayar ba, maimaici yake yi.

Kaji da awaki

Ga wadda ta dace a fara da ita a aji uku ko huɗu. "A wani gida akwai kaji da awaki. An ƙirga kawunansu an samu 10, ƙafafunsu kuma 28. Kaji nawa ne, awaki nawa?" Amsar da za ta fara fitowa 38 ce, wani ya ce 18. Kada a ce musu ba daidai ba ne. A tambaya: "Talatin da takwas ɗin nan mene ne, kaji ko awaki?" Nan za ka ga an yi tsit, kuma daga wannan shirun aiki ke somawa.

Sai a ba kowane rukuni murfin lemo guda 10 a matsayin kawuna da tsinken ashana 28 a matsayin ƙafafu. Yawanci yara kan fara da ba kowane murfi tsinke huɗu. Murfi 7 ya cinye tsinke 28 ƙaf, saura kawuna 3 zaune babu ƙafa ko ɗaya. Su da kansu za su yi dariya, su fara zare tsinke daga wannan su kai wancan. A bar su. Ba a jimawa wani zai ce, "Mu fara ba kowa biyu tukuna." Tsinke 20 ya tafi, 8 ya rage, a bi ana ƙara biyu-biyu, ya ishi murfi 4. Awaki 4 ke nan, kaji 6. Kafin a karɓi amsar a sa su gwada ta: ƙafafun awaki 16, na kaji 12, jimla 28.

Kashegari a janye murfi da ashana, a ba su kawuna 12 da ƙafafu 34, su zana da'ira goma sha biyu su riƙa ja musu ƙafafu da fensir. Awaki 5 za su samu, kaji 7. A rana ta uku ne ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace. A canza labarin: a bakin kasuwa an ajiye babura da A Daidaita Sahu guda 9, tayoyinsu 22. Yaron da ya haddace "a ba kowa biyu, a raba sauran gida biyu" zai samu saura 4, ya raba, ya ce A Daidaita Sahu 2. Wanda ya fahimta zai lura cewa taya ɗaya ce kacal ke tsakanin babur da mai ƙafa uku, don haka 4 ne, babura 5. Wanda ya faɗa wannan ramin kada a gyara masa da baki, a mayar masa da murfinsa da tsinkensa. Daga baya kuma a jefa musu wadda ba ta da amsa, kawuna 10 da ƙafafu 27 na kaji da awaki, a ga wa zai yi ƙarfin halin cewa, "Malam, wannan ba za ta yiwu ba, sai dai in wata akuyar gurguwa ce."

Wannan jeri na abu a hannu, sannan zane, sannan lamba, shi ne ginshiƙin koyar da lissafi a firamaren Singafo, kuma tushensa bayanin da masanin Amurka Jerome Bruner ya yi a 1966. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake zane. A yi wasa da tsakuwa ranar Litinin, Talata a koma lambobi zalla a allo, yaro bai ga alaƙar biyun ba. Wani kuskuren kuma barin yaro kan tsakuwa har aji biyar, alhali tuni ya isa ya yi da zane ko da ka.

Inda zane ya fi nuna amfaninsa shi ne tambayoyin kwatantawa. "Audu yana da dabino 12. Ya fi Binta da 5. Dabino nawa Binta ke da shi?" Yara da yawa za su ce 17, musamman waɗanda aka koya wa cewa duk inda suka ji maganar fifiko ko ƙari to tarawa ce. Koyar da irin waɗannan alamomin yana saurin ba da maki a makon farko, amma yana hana yaro karanta labarin, ya koma farautar kalma ɗaya. Maganinsa sanduna biyu. A tambayi yaro wa ya fi yawa, ya zana masa doguwar sanda, ya zana wa ɗayan gajera a ƙarƙashinta, farkonsu a daidaice. Ya rubuta 12 a kan ta Audu, ya rubuta 5 a giɓin da ke tsakanin ƙarshensu. Da zarar ya kalli zanen ya san ta Binta ba za ta kai 17 ba. A kula da abu ɗaya: in farkon sandunan bai yi daidai ba, giɓin ba ya nuna komai, kuma yara kan yi sakaci da wannan.

Saura a rabawa ma wuri ne da ake gane mai tunani. A ba su 22 a raba gida 4 cikin labari uku a rana ɗaya. Yara 22 za su tafi musabaƙa, kowace A Daidaita Sahu tana ɗaukar 4, guda nawa za a kira? Shida, domin ba za a bar yara biyu a bakin titi ba. Tela yana da yadi 22, kowace riga tana cin yadi 4, riguna nawa zai ɗinka? Biyar, ragowar ba ta isa riga ba. An raba man gyaɗa lita 22 daidai wa daida tsakanin gidaje 4, kowane gida lita 5 da rabi. Yaron da ya rubuta "5 saura 2" a duka ukun ya iya rabawa, bai dai koma ga labarin ba bayan ya gama.

Tsari da lura

Wata dabarar da yara ba sa zuwa da ita daga gida ita ce jero abubuwa bi da bi don kada wani ya kuɓuce. A yanka kwali a yi kuɗin wasa, 'yan naira 50 da 100 da 200, a tambaya: ta hanya nawa za a iya biyan naira 500 da waɗannan? Za su fara kawowa barkatai, su samu biyar ko shida, su maimaita wasu, su ce sun ƙare. Tambayar da ke buɗe musu ido ita ce, "Ta yaya kuka san babu wata?" Mafita ita ce a riƙe babbar takarda a tsaye. In 'yan 200 biyu ne, saura 100, hanya 2. In ɗaya ce, saura 300, hanya 4. In babu ko ɗaya, hanya 6. Jimla 12. Yaron da ya lura da 2, 4, 6 da kansa ya samu abin da ya fi amsar daraja.

Musafaha ma haka take: mutum 5 sun haɗu bayan sallar Idi, kowa ya gaisa da kowa sau ɗaya, musafaha nawa aka yi? A fito da yara biyar gaban aji su yi a gani. Masu cewa 20 sun ƙirga kowace gaisuwa sau biyu, amsar 10 ce, mutum 6 kuma 15.

Da tsinken ashana a jera murabba'ai manne da juna a layi ɗaya. Na farko ya ci tsinke 4, biyu 7, uku 10. Goma fa? Masu gaggawa za su ce 40. Masu ɗan wayo za su gina biyar su samu 16, su ninka su ce 32, kuma wannan kuskuren ya fi daɗin tattaunawa, domin in aka haɗa layuka biyun tsinke ɗaya na tsakiya ya zama na tarayya. Amsar 31 ce. Kada a tsaya nan, a sa yaro ya faɗi dalilin da ya sa kowane sabon murabba'i tsinke 3 kawai yake buƙata.

Wasanni

Wasan tsakuwa 21 ba ya cin minti uku. Yara biyu, kowa a zagayensa ya ɗebi ɗaya ko biyu ko uku, wanda ya ɗauki ta ƙarshe ya ci. Su buga sau da yawa kafin a yi maganar dabara. Sannan a tambaye su, "In saura 4 kuma kai ne da ɗiba, za ka iya ci?" Za su gwada su ga ba hali. To 8 fa? Ta haka za su gano 12 da 16 da 20, su gane cewa mai farawa ya ɗebi ɗaya ya ci gaba da barin abokinsa a kan waɗannan lambobin. Abin da suke koya a nan shi ne farawa daga ƙarshe a dawo baya, dabarar da za su buƙata a tambaya irin "na kashe rabin kuɗina, na kuma sayi biro na naira 100, saura 150, nawa na fito da shi?"

Dara kuwa muna da ita tun kaka da kakanni, abin mamaki ne yadda ba ta shiga aji. Gurbi 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa wancan guntayen kara. A fara da zubawa ɗaya bayan ɗaya, sannan a riƙa matsawa gurbi guda, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa. Dokokin kan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, a daidaita su kafin a fara. Bugawa kawai ba ta wadatar ba. A tsayar da wasa a tsakiya a tambayi yaro, "In ka matsa wannan, me zai yi maka?" Sai ya amsa kafin ya taɓa.

Sai tsohuwar wasa ƙwaƙwalwar nan ta mai kwale-kwale da kura da akuya da damin harawa, wanda zai ƙetarar da su kogi amma ba ya iya ɗaukar fiye da abu ɗaya, kuma ba zai bar kura da akuya ko akuya da harawa su kaɗai ba. Yara uku su zama kayan, a ja layi biyu da alli a matsayin kogi. Kusan kowa zai gane akuya ake fara kaiwa, a nan kuma ake maƙalewa, saboda babu wanda ke kawo wa ransa cewa ana iya dawo da abin da aka riga aka ƙetarar. Ƙetarawa 7 ake yi, ta huɗu ita ce dawowa da akuyar. Haka ma gora biyu da aka yanke, ɗaya mai cin gwangwanin madara 5 ɗaya mai cin 3, a ce a auno 4 cif. A yi da yashi in ana gudun jiƙa aji.

Yadda darasin ke tafiya

Tambaya ɗaya ta ishi darasin minti 35, kuma sau biyu a mako ya fi a tara su ranar Juma'a. A karanta ta sau biyu, a rufe, wani yaro ya faɗi labarin da bakinsa ba tare da lambobi ba. Minti uku kowa ya gwada shi kaɗai, in ba haka ba mai kaifin rukuni zai yi komai saura su kwafa. Sannan kamar minti goma sha biyar a rukunin mutum uku ko huɗu. Rukunin da ya kai shida, biyu ne ke aiki huɗu na kallo. A aji mai yara tamanin ba sai an ja benci ba, 'yan benci ɗaya su zama rukuni, da takarda ɗaya da fensir ɗaya a tsakaninsu, don dole su yi magana.

Mafi wuyar aikin shi ne malam ya kame bakinsa. Binciken da Mary Budd Rowe ta yi a Amurka a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma in aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara kan ƙara tsawo, masu amsawa su ƙaru. Iyaye a gida sun fi malamai faɗawa wannan, ganin yaro ya ɓata fuska sai a karɓe fensir. Wannan tauna masa tuwo ne. In ya maƙale, taimakon hawa-hawa ake yi, daga ƙarami: "Me aka tambaye ka?" In bai motsa ba, "Za ka iya zana shi?" In har yanzu shiru, "Mu gwada da ƙananan lambobi, a ce kawuna 3 ne." A yi tambaya ɗaya a bar wurin, a dawo bayan minti biyu. Bulala kuma ba ta da gurbi a wannan darasin ko kaɗan, domin yaron da ke tsoron duka ba zai gwada hanyar da bai tabbatar ba, alhali gwajin ne ake nema.

Minti goman ƙarshe na tattaunawa ne, kuma shi ake yawan yankewa in an buga ƙararrawa. Tun ana zagayawa malam ya zaɓi rukuni uku da za su fito: masu kuskuren da ya fi yawa a ajin, masu doguwar hanya da ta kai, da masu gajeriyar hanya. A jera su haka, kada a fara da gwanaye, don in aji ya ga amsar ƙarshe babu mai sauraron saura. Masanin lissafin nan George Polya ya kasa warware matsala mataki huɗu a 1945: fahimta, tsara dabara, aiwatarwa, da waiwaye. Na huɗun ne ya fi shan wulaƙanci. Rubuta matakan a kwali a manna a bango yara su riƙa rerawa ba ya ƙara komai, sai dai su ji malam yana tambaya kullum, "Amsar nan ta yi daidai da labarin? Akwai wata hanyar?"

Idan yaro ya ci gaba da faɗuwa, kafin a ce ba shi da kan lissafi a gano inda yake tuntuɓe. Wata malama a Ostireliya, Anne Newman, ta fitar da hanya a 1977 da ba ta buƙatar komai sai zama da yaro minti biyar. Ya karanta tambayar a fili. Ya faɗi abin da ake nema. Ya faɗi yadda zai ɓullo mata. Ya yi lissafin yana magana. Ya rubuta amsar. Matakin da ya fara tsayawa nan ciwon yake. A wurinmu wannan na da muhimmanci ƙwarai, domin littafin lissafi da Turanci yake zuwa, a Nijar kuma da Faransanci. A faɗa wa yaro tambayar da Hausa. In ya warware ta nan take, to karatu da harshe ne matsalarsa, ƙara masa shafi goma na rabawa ɓata lokaci ne. Yaron da ke yi wa mahaifiyarsa lissafin cinikin ƙosai da ka, ya ba da canji ba kuskure, ba lissafi ya rasa ba. A bar yara su yi gardamar rukuni da Hausa, sannan a taimaka musu su rubuta da harshen jarrabawa.

Wajen aikin gida kuma, a daina ba da tambayoyi goma masu hanya ɗaya. A cakuɗa: ɗaya ta kwatantawa, ɗaya ta saura, ɗaya mai lambar da ba a buƙata, ɗaya daga darasin watan jiya. Huɗu sun isa. Maki zai ɗan sauka a makonnin farko, iyaye su san da haka tun wuri don kada su zaci an koma baya. Jarrabawar shiga sakandare ma ai haka take zuwa a gauraye, babu kan darasi a saman shafi da zai gaya wa yaro abin da zai yi. Wajen duba aiki a ware maki ga zane da bayani, ba ga amsa kaɗai ba, in ba haka ba yara za su gane cewa zanen ado ne su daina.

Waɗanda suka riga kowa gamawa kada a ƙara musu irin tambayar da manyan lambobi. A sa su canza doka ɗaya su ga abin da zai faru: tsakuwa 21 amma ana iya ɗiban har huɗu, ko wanda ya ɗauki ta ƙarshe shi ya faɗi. Ko kuma su ƙirƙiro tasu tambayar ta kaji da awaki su ba benci na gaba, da sharaɗin sai sun warware ta da kansu kafin su miƙa.